Intanet Lafiya Lau, Firinta Ta Ɓace: Abin da Sabuntawa Ke Yi wa Sadarwar Gida

Akwai wata lamba da masu gyaran kwamfuta suka haddace ba don suna so ba: 0x80070035. Ita Windows ke nunawa idan ta ce ba ta ga hanyar da za ta kai ta wata kwamfuta ko wata folda ba. Ranar da aka fi cin karo da ita kuwa ita ce washegarin sabuntawa. An kwanta kwamfutar falo tana ganin ta ɗaki, firinta ɗaya tana yi wa kowa aiki, faifan ajiyar da aka maƙala a bayan rauta yana buɗewa ba gardama. Gari ya waye, kwamfuta ta ce ta gama sabunta kanta, intanet na tafiya lafiya lau, amma na'urorin gida sun daina gaisawa da juna. Sai a ce sabuntawa ta ɓata kwamfuta.

A mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace. Da gangan sabuwar babbar manhaja ta daina yin wani abu da tsohuwar ke yi, kuma manhajar da ta tsaya a kan wannan abin take dogaro. Don haka tambayar da ta kamata a fara da ita ita ce: me aka rufe, kuma don me? Wanda ya tsallake wannan tambaya yakan samu sa'a ya dawo da firinta, amma sau da yawa ya dawo da ita tare da ɓarakar da aka rufe saboda tsaron lafiyarsa.

Kafin komai, yana da kyau a san cewa babbar sabuntawa, irin tashi daga Windows 7 zuwa 10, ko daga 10 zuwa 11, ko ma wasu manyan zubin da Microsoft ke fitarwa a cikin Windows guda, ba faci ba ce. Sabuwar manhaja ake girkawa daga tushe, a ture tsohuwar cikin wata folda mai suna Windows.old, sannan a kwaso fayiloli da manhajoji da saituna a zuba a sabon wuri. Manhajar rubutu ko ta kallon hoto takan tsallake wannan ƙaura ba ko ƙwarzane, domin a sama take zaune. Manhajojin sadarwa ba haka suke ba. Yawancinsu suna da saiwa a ƙasa, wato ɗan direban da suke dasawa tsakanin katin sadarwa da ita kanta Windows, don su ga duk abin da ke shiga da fita. Haka manhajojin VPN suke, haka na kashe ƙwayoyin cuta masu nasu katangar tsaro, haka ma waɗanda ke zana maka taswirar na'urorin gida. Idan sabuwar Windows ba ta aminta da wannan direba ba, sai ta bar shi a baya. Fuskar manhajar tana nan, alamarta na kan allo, kana latsawa tana buɗewa, amma ba ta ganin komai. Wani lokaci kuma abin ya fi haka muni: direban ya ƙaura a gurguje, ya tsaya a hanya ya tare duk wata sadarwa.

Network Magic, ɗaya daga masu zana taswirar na'urorin gida, misali ce mai kyau. Kamfanin Pure Networks na birnin Siyatil a Amurka ne ya ƙirƙire ta, Cisco ya sayi kamfanin a 2008, kuma ta yi tashe a zamanin XP da Vista, lokacin da haɗa kwamfuta biyu da firinta ɗaya aiki ne na gwanaye. Bayan 'yan shekaru Cisco ya daina sayar da ita, ya daina kula da ita. Waɗanda suka saba da ita sun yi ta jan ta zuwa sababbin Windows, suna neman dabarar da za ta tashe ta. Babu wata dabara mai ɗorewa, domin babu mai rubuta mata sabon direba. Abin da ya kamata a gaya musu tun farko shi ne aikin da take yi ya riga ya shige cikin Windows da shafin saitin rauta. Gyaran irin wannan manhaja shi ne a cire ta tas, a leƙa Properties na katin sadarwa a tabbatar ba ta bar wani direba a jerin da ke wurin ba.

Mu a nan mun fi sanin wannan matsala ta fuskar modem. Ɗan modem na USB da kamfanonin waya suka riƙa sayarwa yakan zo da manhajarsa a cikinsa: kana soka shi sai ya bayyana kamar faifan CD, ya girka allon da ake latsa Connect. Bayan sabuntawa, sai ka ga faifan yana bayyana amma modem ɗin kansa shiru, domin direban da ke juya shi daga faifai zuwa modem bai haye ba. A nan ma sau da yawa ba a bukatar tsohon allon. Tun daga Windows 8 akwai direban modem na gama-gari a cikin tsarin, wanda ke nuna layin waya a wurin da ake zaɓar Wi-Fi idan modem ɗin ya dace da shi, kuma yawancin modem da MiFi na Huawei na baya-bayan nan ta burauza ake sarrafa su, a adireshin 192.168.8.1.

Amma babban labarin, wanda ya fi kowanne jawo ciwon kai a gidaje da shagunan buga takardu, shi ne na SMB. Wannan ita ce ƙa'idar da kwamfutocin Windows ke bi wajen miƙa wa juna fayil da firinta. Barry Feigenbaum ne ya fara tsara ta a kamfanin IBM a 1983, zamanin da ake ɗauka duk wanda ke kan wayar sadarwa ɗan gida ne. Microsoft ya fito da zubi na biyu tare da Vista, na uku tare da Windows 8 a 2012, amma zubi na farko, SMB1, ya ƙi mutuwa, saboda masu ƙera rauta da sikana da akwatunan ajiya sun ci gaba da dogaro da shi shekara da shekaru. Ranar 12 ga Mayu 2017 aka ga kuɗin wannan sakaci. Manhajar garkuwa da fayiloli mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a SMB1 ta bazu zuwa ƙasashe kusan 150, ba tare da kowa ya latsa komai ba: kwamfuta ɗaya ta kamu, sai ta laluba maƙwabtanta ta harbe su. A Ingila, asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya da aka yi wa alƙawari har kimanin 19,000. Abin takaicin shi ne Microsoft ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris, wata biyu kafin harin, mutane ne ba su girka ba.

A watan Oktoban 2017, zubin Windows 10 mai lamba 1709 ya fara janye SMB1. Yadda aka yi janyewar ne ya rikita mutane. A kwamfutocin gida, masu Home da Pro, ba a cire shi nan take ba. An bar shi, amma idan kwamfuta ta yi kwana 15 a kunne ba a yi amfani da shi ba, sai ya cire kansa. Ka ga mutumin da ba ya taɓa faifan bayan rauta sai ƙarshen wata, ranar da ya je nema zai tarar hanya ta toshe, kuma ba zai taɓa danganta abin da sabuntawar da ya yi makonni uku da suka wuce ba. Haka sikanar shago da aka saita ta riƙa jefa takardu cikin foldar kwamfuta: tana ɗaukar hoton takarda, tana ƙara, sannan ta ce ta kasa aikawa.

SMB1 bai tafi shi kaɗai ba. Tsohon tsarin da ke jera sunayen kwamfutoci idan ka buɗe Network a kansa yake tafiya, don haka shi ma ya bi shi. Wannan ya haifar da wani ruɗani na daban, domin rashin ganin kwamfuta a jeri ba ya nufin ba za a iya shiga cikinta ba. Gwajin mai sauƙi ne. Ka je kwamfutar da ke riƙe da foldar, ka buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig, ka kwafi adireshinta, a ce 192.168.1.20. Ka dawo ɗaya kwamfutar, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta \\192.168.1.20 ka latsa Enter. Idan foldoji suka bayyana, ko aka tambaye ka kalmar sirri, to hanya a buɗe take, sanarwa ce kawai ta tsaya. Sai ka buɗe Services a kwamfutar da ta ɓuya, ka nemo Function Discovery Provider Host da Function Discovery Resource Publication, ka sa su riƙa tashi da kansu duk lokacin da aka kunna na'ura. Idan kuma adireshin da ipconfig ya nuna ya fara da 169.254, ka bar maganar folda tukuna: kwamfutar ba ta samu adireshi daga rauta ba, matsalar tana wajen direban katin sadarwa, ko waya, ko ita rautar.

Wata shida bayan zubin 1709, a Afrilun 2018, zubi na 1803 ya cire HomeGroup, wanda ya zo da Windows 7 a 2009 kuma ya sauƙaƙa wa jama'a raba fayil da kalmar sirri guda. Shi babu maganar dawo da shi. Foldojin da aka raba suna nan a rabe, sai dai yanzu da sunan mai amfani da kalmar sirrinsa ake shiga. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe: wanda ke buɗe kwamfutarsa da PIN sai ya yi ta rubuta PIN ɗin daga ɗaya kwamfutar ana ƙi. PIN a kan na'urar da aka ƙirƙire shi kaɗai yake aiki. Mafi sauƙi shi ne a buɗe wani asusu na cikin gida a kwamfutar da ke riƙe da foldar, a ba shi kalmar sirri mai ƙarfi, a ba shi izinin foldar kawai, kowa ya riƙa shiga da shi. Idan wata kwamfuta ta nace da tsohuwar kalmar da ta haddace, a goge ta a Credential Manager.

To yanzu ga inda nake ganin ake yin gyaran gangar Auzinawa. Duk wanda ya nemi maganin waɗannan matsaloli zai ci karo da shawara uku da ake ta maimaitawa: ka koma Windows Features ka kunna SMB1, ka kashe katangar tsaro gaba ɗaya, ka shiga rajistar Windows ka mayar da wata lamba sifili. Duka ukun suna aiki, shi ya sa suka yi farin jini. Amma kamar mai gida ne da aka toshe masa ƙofar baya saboda ta nan ɓarayi ke shigowa, ya ga zagayawa ta zaure ta yi masa nisa, ya ɗauko diga ya sake fasa ta. Gaskiya ne rautar gida takan hana baƙo daga intanet isa ga wannan ƙofa kai tsaye. Sai dai haɗarin ba daga nan kaɗai yake zuwa ba. Laftof ɗin da yaro ya kai makaranta ya dawo da ita, ko ta kwastoman da aka ba kalmar Wi-Fi a shago, tana shigowa ta riga ta zama 'yar gida. A shagon buga takardu, inda filashin mutane ke shiga yana fita tun safe har dare, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

Ba na cewa mai tsohuwar sikana ya yi laifi. An sayar masa da na'ura mai aiki, kuma har yau injinta garau yake. Kamfanin da ya ƙera ta ne ya bar ta da ƙa'idar da ta tsufa, shi kuma aka bar shi da asara. A wurin da kuɗin sabuwar na'urar hoton takardu ya kai jarin shago guda, cewa mutum ya je ya sayi sabuwa magana ce ta wanda bai san kasuwa ba. Amma tsakanin sayen sabuwa da fasa katanga akwai hanyoyi. Na farko a duba shafin kamfanin, domin na'urori da dama sun samu sabuwar manhajar ciki da ta koya musu SMB2. Akwatunan ajiya da yawa ma sun iya shi tuntuni, a saitinsu ne kawai ba a kunna ba. Sikanar da ba ta iya ba sau da yawa tana iya aikawa ta imel ko ta ajiye a filashi. Faifan bayan rauta kuwa ana iya zare shi a soka a kwamfutar da ta fi daɗewa a kunne, a raba shi daga can. Idan duk wannan ya faskara, kuma lallai sai an kwashe wasu fayiloli daga tsohuwar na'ura, a kunna ɓangaren Client kaɗai na SMB1, a kwashe kaya, a kashe shi. Ɓangaren Server, wanda ke sa kwamfutarka ta riƙa amsa kiran wasu, shi ne WannaCry ta bi, kuma shi ne sikana ke bukata, don haka a nan ne ya kamata a fi yin taurin kai.

Firinta tana da nata babin. A 2021 an yi ta gano ɓaraka a sashen Windows mai kula da buga takardu, wadda ta fi suna ita ce PrintNightmare, Microsoft kuma ya yi ta ɗaure igiya wata bayan wata. Daga Agusta, girka direban firintar da aka raba ya koma sai da izinin mai iko da kwamfuta. A Satumba kuma aka tilasta wata ƙa'idar tsaro tsakanin kwamfutar da ke riƙe da firinta da masu aiko mata aiki, sai lamba 0x0000011b ta cika gari, musamman inda wata kwamfuta ta sabunta wata ba ta sabunta ba, ko inda ake haɗa Windows 7 da 10. Maganin da ya bazu shi ne na rajista, wanda ke kashe ƙa'idar ɗungurungum. Wanda ya fi shi shi ne a sabunta kwamfutocin duka su daidaita. Idan firintar tana da ramin wayar sadarwa ko Wi-Fi nata, a daina bi ta wata kwamfuta ma sam: a haɗa ta da rauta, a sa rautar ta riƙe mata adireshi guda da ba ya canzawa, kowace kwamfuta ta ƙara ta da wannan adireshi. Wannan yana kuma kawar da dokar nan ta sai kwamfutar Oga na kunne kafin kowa ya buga takarda.

Zubin Windows 11 mai lamba 24H2, wanda ya fito a Oktoban 2024, ya sake ɗaure wasu igiyoyi biyu. A Pro ya wajabta sa hannun tantancewa a kan saƙonnin SMB, kuma ya hana shiga folda a matsayin baƙo marar kalmar sirri, abin da aka hana a zubin kamfanoni da makarantu tun 1709. Akwatunan ajiyar da aka bari a buɗe don sauƙi su suka fara kuka. Gyaran na minti biyar ne: a shiga saitin akwatin a buɗe asusu mai kalmar sirri. Ganin cewa tallafin Windows 10 na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, gidaje da shaguna masu yawa a kan wannan zubi ko na bayansa za su sauka, kuma waɗannan igiyoyi biyu a rana ɗaya za su ji su.

Masu Mac ma ba su tsira ba, sai dai nasu ya fi gajarta. Catalina ta 2019 ta daina karɓar manhajoji masu 32-bit, tsofaffin manhajojin firinta da sikana da yawa suka mutu a nan. Sequoia ta 2024 kuma ta fara tambayar izini kafin manhaja ta leƙa na'urorin gida. Wanda ya latsa a'a cikin sauri zai ga manhajar na shiga intanet amma ba ta ganin firinta. A Privacy & Security, ƙarƙashin Local Network, ake mayar mata da izinin.

Abin da ya fi duk waɗannan yawan faruwa kuwa shi ne mafi ƙanƙanta, har ana jin kunyar faɗarsa. Windows takan raba sadarwa gida biyu, Public da Private. A Public kwamfuta takan ɓoye kanta ta ƙi amsa kowa, domin ta ɗauka a filin jirgi ko otal take. Bayan babbar sabuntawa, ko bayan an canza rauta, takan ɗauki Wi-Fi ɗin gida a matsayin baƙon wuri ta jefa shi Public. Latsa biyu ne a Settings, ƙarƙashin Network & Internet. Da yawa daga waɗanda suka kashe katangar tsaro suka ga abu ya tashi, wannan ne ciwonsu tun asali: katangar tana bin dokar Public ne kawai. Ita kuma Network reset, wadda ake yawan ba da shawararta, tana da amfani idan tsohon direba ya maƙale, amma a sani tana goge katunan sadarwa ta sake girka su, manhajar VPN na iya bukatar a sake sa ta, kuma ita ma takan mayar da sadarwar gida Public.

Idan an bi duk wannan kuma akwai manhajar da sana'a ta dogara da ita wadda ta ƙi tashi, akwai komawa baya. Windows takan ajiye tsohon zubi na kwana 10 kacal, a Settings ƙarƙashin Recovery, daga nan ta goge Windows.old don ta samu wuri. Wanda ke da shago ya fara sabunta kwamfuta ɗaya, wadda ba ita ke riƙe da firinta ba, ya gwada bugawa da sikanin da buɗe folda a ranar. Ya kuma sauke direban katin Wi-Fi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya ajiye a filashi kafin ya fara, domin idan wannan direban ne bai haye ba, babu intanet ɗin da za a sauke shi da ita, sai dai a jona waya da kebul a ari nata.